Littafi Ɗaya Tak Za a Aiko

A ƙarshen damanar bara wata tsohuwar ɗalibata ta yi sallama a gidana, a Damagaram, bayan la'asar. Ni na koyar da ita fizik a ajin ƙarshe na lise, yanzu kuwa tana shirin shiga shekara ta uku a jami'a. Da muka gama gaisawa sai ta ce: "Malam, yayana da ke Faransa ya yi alkawarin aiko mini littafi ɗaya tak, ga shi za mu soma makanik ta Lagranj da Hamilton. Wanne zan ce ya saya?" Ta miƙo mini takarda mai sunaye huɗu: Landau, Goldstein, Arnold, Taylor. Na ce ta ba ni kwana biyu, domin sunan farko ya fama mini wani tsohon miki.

Ga abokan aiki da ba fizik suke koyarwa ba, ga abin da ake nufi a taƙaice. Makanik da muke koyarwa a lise ta Niyuton ce, wadda ya shimfiɗa a 1687: a zana abu, a zana dukan ƙarfin da ke ja ko tura shi, sannan a lissafa motsinsa. A 1788 Lagranj ya fitar da littafinsa a Paris, babu zane ko ɗaya a ciki, ya nuna wata hanya dabam. A ɗauki dutse da aka ɗaure da zare yana lilo. A hanyar Niyuton sai an yi ta fama da jan da zaren ke yi, alhali ba shi aka tambaya ba. A hanyar Lagranj kusurwar da zaren ya yi kaɗai ake bukata: a rubuta kuzarin motsi, a cire masa kuzarin da ke ajiye, a saka a cikin ƙa'ida guda, sai lissafin motsin ya fito. Hamilton, mutumin Ailan, ya sake fasalin abin a 1834 da 1835, kuma ta ƙofarsa ake shiga makanik ta kwantik. Ɗalibin da ya yi tuntuɓe a nan, zai daɗe yana ɗingishi.

Ni na yi tuntuɓen. Ina ɗalibi a Yamai, cikin shekarun 1980, littattafan kimiyya da kamfanin Mir na Mosko ke bugawa da Faransanci su ne gatanmu, saboda arha. Na sayi Mécanique na Landau da Lifshitz a hannun wani mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Siriri ne, na ce a raina cikin hutu ɗaya zan cinye shi. Ashe ƙaramin goro ne mai ɗaci. Tun a shafukan farko marubutan sun kafa ƙa'idar da komai zai rataya a kanta, daga nan suka fitar da dokokin motsi daga cewa sarari iri ɗaya ne a ko'ina kuma ta kowace fuska. Tsakanin layi da layi akwai lissafin rabin shafi da aka bar wa mai karatu. Na yi mako uku ban wuce babin farko ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Na yanke wa kaina hukuncin cewa kaina bai isa ba, na ajiye burin ci gaba da karatu. Laifin ba na littafin ba ne. Yau, da furfura, shi ne wanda na fi so a cikin dukan abin da ke kan kantata. An rubuta shi ne domin wanda ya riga ya taɓa bin hanyar, ni kuwa na ɗauki ƙarancin shafi a matsayin sauƙi.

Saboda haka na soke shi daga takardar yarinyar, ina jin kamar na ci amanar aboki. Arnold bai ɗauke ni lokaci ba: littafinsa na 1974 da harshen masu lissafi tsantsa yake magana, sai wanda ya ƙoshi da jiyometri mai zurfi. Goldstein ya fi sa ni tunani. Tun fitowarsa a 1950 shi ne madogarar masu babban digiri, kuma bayaninsa a kan juyawar abu mai tauri yana da wuyar samun na biyu. Amma tun a babin farko ya kai mai karatu ga ƙa'idodin Lagranj, a kan zaton cewa an wuce matakin tsakiya. Wanda ke da malami a kusa, mai lokacin amsa tambaya, zai iya hawa. Yarinyar nan kuwa, da dare ita kaɗai za ta zauna da littafin, ga aji cike maƙil da rana.

Akwai gwajin da nake yi wa kowane littafi, kuma ina ba abokan aiki shawararsa. Ina buɗe wurin da aka fara kawo sabuwar hanya, in duba ko an ɗauki matsalar da ɗalibi ya riga ya san amsarta, an warware ta ta hanyoyin biyu har amsoshin suka haɗu. Idan ɗalibi ya ga lilon da ya sani tun lise ya fito daga sabuwar ƙa'ida, zuciyarsa takan kwanta, ya yarda ya bi marubucin zuwa inda bai sani ba. Littafin John Taylor, wanda ya fito a Amurka a 2005, ya ci wannan gwaji. Yana da kauri, kusan shafi ɗari takwas, amma kaurin na bayani ne. Ya soma da Niyuton, ya keɓe babi na shida domin lissafin da ake bukata kafin Lagranj, ya kawo Lagranj a na bakwai, Hamilton sai a na goma sha uku. Tambayoyinsa kuma an sa musu tauraro ɗaya zuwa uku gwargwadon wuyarsu, abin da ke hana mai karatu shi kaɗai ya fara da tudun da zai karya masa gwiwa. An kuma fassara shi da Faransanci, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibanmu. Yana da nasa gajiyawar: wani wurin yakan maimaita har mai saurin fahimta ya ƙosa, kuma bai zurfafa a Hamilton kamar Goldstein ba.

Da ta dawo na faɗa mata zaɓina, sai ta sunkuyar da kai. Ta ce: "Malam, samarin ajinmu cewa suke Taylor na masu rauni ne, Landau ne littafin gwanaye." Na tambaye ta ko ta taɓa ganin ɗayansu ya warware tambaya daga cikinsa a gabanta. Ta yi murmushi, ba ta amsa ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon Landau nawa, bangonsa ya ɗaye, gefen shafukan farko cike da alamun tambaya da na yi da fensir kusan shekara arba'in da suka wuce. Na ce: "Ɗiyata, ki sa yayanki ya sayi mai kaurin. Wannan kuma aro ne; kada ki buɗe shi sai kin gama babi na bakwai." Ta karɓa da hannu biyu. Kafin ta kai bakin zaure na hango ta tana leƙa shafin farko.