Ashe Ba Mu Kaɗai Ke Tashe Ba

Ran nan wata yarinya 'yar ajina, nan ƙasar Dambatta, ta zo da hawaye, wai babanta ya hana ta tashe, ya ce bara ce irin ta ƙauyawa. Abin ya tsaya mini a rai.

Da dare sai na tambayi ƙirƙirarriyar basirar nan ta cikin waya. Ta ce a Katar ma, daren 14 ga azumi, yara kan bi gida gida da waƙa, a ba su alewa, suna kiransa Garanga'o. Kun ji fa, ƙasar masu kuɗi!

Amma da na tambaye ta namu na 'yan mata, sai kame-kame. Kakata ce ta zauna ta zayyana mini, ina rubutawa. Gobe zan kai wa baban yarinyar takardun biyu.