Hannun gem a Suleja da sandar gem a Tokyo

A shagunan gem na Suleja, tun daga Kwamba har zuwa Madalla, hannun gem ne ke fara mutuwa. Talabijin takan daɗe lafiya lau, ita ma PlayStation ɗin takan jure zafi da ƙura da ɗauke wuta, amma hannun da yara ke karɓa-karɓa tun daga tashin makaranta har a rufe shago da dare ba ya jimawa sai ya fara ciwo. Ko maɓallin buga ƙwallo ya nutse ya ƙi tasowa, ko ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai a fili ba wanda ya taɓa shi. Mai shago ba ya yar da irin wannan hannu. In yana da ƙaramin sukudireba ya kwance da kansa, in abin ya fi ƙarfinsa ya kai wa mai gyaran waya a kasuwar IBB.

A nan Tokyo inda nake zaune ma ana kwance kayan gem ana canja musu ciki, sai dai wanda ake kwancewa sau da yawa sabo ne fil, yau aka fito da shi daga kwali. Kuma ba irin hannun da muka saba da shi ba ne. Akwati ne mai faɗi mai ɗan nauyi, ana ɗora shi a cinya ko a kan tebur. A hagu akwai sanda gajeriya mai ƙulli a kai, a dama maɓallai takwas manya-manya. Kwaikwayo ne na fuskar manyan injinan wasa da ake jefa wa kwabon yen 100 a gidajen gem na Japan tun zamanin Space Invaders na kamfanin Taito a 1978. Da Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991, Namco ya biyo da Tekken a 1994, wasan faɗa ya mamaye gidajen nan, yatsun matasa suka saba da sanda da manyan maɓallai. Shi ya sa ko a gida mutum zai yi wasa, abin da hannunsa ya sani yake nema.

Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwar kayan ciki, Sanwa Denshi da Seimitsu. Sandar Sanwa da ake kira JLF tana da laushi, ta Seimitsu mai suna LS-32 ta fi tauri, ba ta nisa kafin ta amsa. A ƙarƙashin kowace akwai ƙananan makunnai huɗu, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama, da sifirin da ke mayar da sandar tsakiya, da wani faifan roba mai huda wanda ke iyakance inda za ta kai. Na asali hudarsa mai kusurwa huɗu ce. Wanda hannunsa bai karɓe ta ba sai ya ɓalle faifan ya sa mai kusurwa takwas. Wanda ya ga sandar ta cika sakwa-sakwa ya sa sifirin mai ƙarfi. 'Yan Koriya, waɗanda suka yi suna a Tekken, sun fi son tasu sandar mai kai dogo, wadda roba ce ke mayar da ita tsakiya. Har maɓallai marasa ƙara ake sayarwa, masu ɗan soso a ciki, saboda bangon ɗakunan haya a nan siriri ne, kuma damun maƙwabci da dare babban laifi ne a wurinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sauƙin aikin. Faɗin maɓallin wasa milimita 30 ne, ƙananan kuma 24, ko wane kamfani ya ƙera. Kowane maɓalli waya biyu gare shi, kuma ba a liƙe suke da dalma ba, zare su ake yi. Ka matse kunnuwan maɓallin daga ƙasa, ya fito, ka cusa sabo, ka mayar da wayoyin. Sandar ma kusoshi kaɗan ne da soket ɗaya mai ƙafa biyar. Aikin bai fi canja fulogin babur wahala ba, yaron da bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba zai gama shi kafin shayi ya huce. Masu ƙera akwatunan sun san za a buɗe, don haka suka bar hanya. Mafi tsada cikin waɗanda kamfanin Mad Catz ya fitar tare da Street Fighter IV a 2009 da kayan Sanwa ya zo, wasu na baya kuma murfinsu ɗagawa kawai ake yi.

Mai gyara na Suleja bai samu wannan gatan ba. Hannun PlayStation ba don a riƙa buɗe shi aka yi shi ba. A ƙarƙashin maɓallansa roba ce mai ɗigon baƙin gawayi, in ta tsage ko ta side sai maɓalli ya daina amsawa. Analog kuwa, wato 'yar sandar babban yatsa, a kan fanel take a liƙe da ƙafafu fiye da goma, kuma a cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ke goga layin gawayi yana auna inda ka tura. Gogar nan ce ke cinye layin, ƙurar hunturu ta ƙarasa shi, shi ne za ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai. Kafin a cire ta sai an narkar da dalmar kowace ƙafa an zuƙe, ba tare da an ƙona layukan fanel ba, sau da yawa ga janareto na ƙugi a gefe. Sabuwar da za a sa kuwa ba kullum ake samu ba. Daga wani mataccen hannu ake ciro ta, shi ya sa kowane mai gyara ke da kwali cike da gawarwakin hannaye: wannan a ɗauki robarsa, wancan batirinsa, wancan bakin cajinsa. In babu, a aika Wuse a Abuja, ko a jira mai zuwa Alaba a Legas.

A ganina aikin mutumin Suleja ya fi wuya nesa, kuma ya fi buƙatar gwaninta. Na ga yadda ake yi da irin wannan hannu a Japan in ya lalace. Kuɗin aikin hannu a nan da tsada, don haka ko a aika wa kamfani, ko a sayi sabo, tsohon kuma ya ƙare a kwandon tarkace na shagunan kayan hannu irin su Hard Off. Abin da aka yar a nan, a gida za a tashe shi ya yi wata shekara yana ciyar da mai shago. Amma gyaran namu yana da rauninsa. Analog ɗin da aka ciro daga tsohon hannu ta riga ta ci rabin kwananta, sababbin da ke shigowa kasuwa kuma da yawa jabu ne. Mai shago na biyan kuɗin gyara iri ɗaya sau da sau, a ƙarshe ya zargi mai gyara, alhali kayan ne ba su da kyau.

Akwai kuma dalilin da ya sa akwatin sanda bai samu gindin zama a wurinmu ba, bayan tsada. Mu 'yan ƙwallo ne. Tun daga Winning Eleven na Konami a zamanin PlayStation ta farko da ta biyu, zuwa PES da FIFA, ƙwallo ce ke cika shago, Mortal Kombat na biye daga nesa. Ƙwallon zamani na son analog mai gane turi kaɗan da turi mai yawa, ita kuwa sandar akwati kunnawa da kashewa kawai ta sani. Ba mu kuma taso da gidajen injinan kwabo ba, da hannu muka buɗe ido. Wannan ba naƙasu ba ne ko a wasan faɗa. A 2014 wani Bafaranshe da ake kira Luffy ya lashe Street Fighter a gasar Evo ta Las Vegas da tsohon hannun PlayStation ta farko. A ɗaya gefen kuma, Arslan Ash, wanda ya koyi Tekken a ƙananan gidajen gem na Lahore a Pakistan, ya ci Evo ta Japan da ta Amurka duka a 2019. Labarinsa na tsaya mini a rai, domin unguwannin da ya taso ba su fi namu wadata da yawa ba.

Su kansu gidajen gem na Japan suna ta raguwa. Sega ta sayar da nata, a 2022 aka sauke sunanta daga gine-ginen Akihabara aka sa GiGO. Sana'ar gyaran sanda dai ta koma ɗakunan mutane, har wasu sun cire sandar gaba ɗaya sun maye gurbinta da maɓallai huɗu, abin da ya tilasta wa Capcom sake dokokin gasarta.

Abu biyu nake ganin za a iya ɗauka daga nan. Na farko shi ne analog mai aiki da maganaɗisu, wadda ba abin da ke goga wani a cikinta, don haka ba ta sidewa. Ba sabuwar dabara ba ce, Sega ta sa ta a hannun Dreamcast tun 1998, kuma yanzu ana ƙera wadda ke shiga gurbin ta PlayStation 4 da 5. Bayan an liƙa sai an daidaita tsakiyarta da kwamfuta, abin da ba zai gagari mai gyaran waya ba. Na biyu, kafin akwatuna masu kyau su wadata a Amurka, matasan can da kansu suke haɗawa: su ɗauki fanel ɗin hannu mai araha, su liƙa waya a gurbin kowane maɓalli, su kai ta ga manyan maɓallai a cikin akwatin katako. Fanel masu rai suna nan jibge a kwalayen masu gyaranmu, kafintoci kuma ba su yi wa Suleja kaɗan ba. Wanda ba ya son tsohon fanel, akwai ƙaramin fanel mai suna Raspberry Pi Pico da aka fitar a 2021 a kan dala 4, da manhajarta ta kyauta mai suna GP2040-CE. Shagon da ke da masu son Tekken ko Mortal Kombat zai samu akwatin da in maɓalli ɗaya ya mutu shi kaɗai za a canja.

Kirana ga 'yan kasuwarmu masu shigo da kayan waya daga Sin shi ne su riƙa haɗo analog mai maganaɗisu da robar maɓalli ta ƙwarai da maɓallai masu milimita 30 a cikin kayansu. Ba su da nauyi, ba su cin wuri. Masu shagon gem kuma, in kun kai gyara ku tambayi irin analog ɗin da za a sa muku, ku yarda ku biya bambancin.