Mashin Mai Kujerar Sarki: Abin Da Na Gyara A Nawa Da Abin Da Na Ƙi Taɓawa

Yau ba zancen sikirin ko fulashin ɗin waya za mu yi ba, kan mashin za mu hau. Amma kada ka wuce, domin rabin maganar ta wuta ce da caji, kuma wayarka na ciki.

Akwai wani nau'in mashin da Turawa ke kira kuruza. Kujerarsa ƙasa-ƙasa take kuma da faɗi, hannunsa ya lanƙwaso wajenka, matakin ƙafa ya ɗan yi gaba, kana zaune kamar a kujerar falo. Uban gidansu shi ne Harley-Davidson na Amurka, kamfanin da aka kafa a 1903, kuma wasu daga cikin nasu sun haura kilo 300. Wannan sai dai mu kalla a bidiyo. Wanda ya iso hannunmu shi ne jinin Suzuki GN125, wanda Japan ta fara fitarwa a 1982, China kuma ta yi ta ƙera masu siffarsa. Indiya ma tana da nata, Bajaj Avenger. Nawa ɗan China ne mai siffar GN ɗin, na hannu na saye shi. Abokaina suna ce masa kujerar sarki, rabi yabo rabi tsiya.

Ka san a nan yankinmu Boxer ne ke mulki. Ɗan kabu-kabu shi, mai kai buhu kasuwa shi, malamin makarantar da aka tura ƙauye shi. Kuma da dalili: yana ɗaukar kaya, ba ya shan mai, kowane bakanike daga Anka har Gummi ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. To me ya kai ni ga wanga? Baya. Duk wanda ke wuni sunkuye kan teburin gyara, ido a kan fanel, ya san yadda ƙugu da wuya suke yi da la'asar. In kuma ka tashi daga nan ka hau abin da zai ƙara sunkuyar da kai har Daki Takwas, ka dawo, to daren nan sai an taka maka baya. Na biyu kuma tsawo. Ni ba dogo ba ne, ina son in na tsaya ƙafafuna biyu su dafe ƙasa sosai, musamman in akwai mutum a baya.

Sai dai in gaya maka gaskiya tun yanzu, kafin ka sayar da naka. Wannan zaman na sarauta na kwalta ne. A kan Boxer, in ka hango rami sai ka ɗan miƙe a kan matakin ƙafa, gwiwoyinka su shanye bugun. A kan kuruza ƙafafunka suna gaba, miƙewar ba ta zuwa da sauƙi, duk nauyinka na kan ƙashin zama, ramin kuwa kai tsaye yake aiko maka da saƙo har tsakiyar kai. Cikinsa ma ya fi kusa da ƙasa. Hanyoyin da ke ratsa ƙauyukan Bukkuyum da damina, inda ruwa ya zaizaye ya bar kwazazzabo, ba nasa ba ne. Tayar bayansa inci 16 ce, alhali galibin na gari 17 ne, don haka in ta fashe maka a ƙauye, mai faci zai iya liƙe tif amma sabuwar taya sai an aiko daga gari. In aikinka shiga ƙauye ne kullum, riƙe Boxer ɗinka, ka gyara masa kujera kawai.

Kujerar kuwa ita ce farkon abin da na taɓa, kuma ita ce ta fi biyana. Mutane da yawa suna zuwa wurin mai ɗinkin kujera su ce a cika musu soso mai laushi. Minti goma na farko daɗi, bayan nan ka nutse har ka ji ƙarfen ƙasa. Abin da ake so hawa biyu ne: soso mai tauri a ƙasa, siriri mai laushi a sama. Ka zauna a kai a gaban mai ɗinkin kafin ya rufe da leda, ya yi ta shaftare gefe har cinyoyinka su daina gogar kaifi. Kuma kada a yi masa tudu da yawa, in ba haka ba ka kashe abin da ya sa ka sayi mashin ɗin tun farko. Baƙar leda mai sheƙi tana da kyau a hoto, amma ka bar ta a rana a watan Afrilu ka dawo ka zauna, za ka ba da labari.

Sai iskar taya, wadda kyauta ce amma ba mai kula ta. Yawancin masu faci da babban yatsa suke awo, su danna su ce ta yi. Tayar da aka cika ta yi tauri kamar dutse tana mayar da kowace tsakuwa guduma. Duba jikin murfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe tayar baya, sau da yawa akwai takardar da kamfani ya rubuta awon da ya dace. Ga irin waɗannan ƙananan mashina, gaba kan kama wajen 25, baya 28 zuwa 32 gwargwadon kaya. Ɗan ma'aunin iska na aljihu bai kai kuɗin gilashin kare sikirin mai kyau ba. Shokazoba ta baya ma tana da matakala a gindinta da ake murzawa. Kai kaɗai, sassauta. Da goyo ko buhu, ƙara. Sharaɗi ɗaya ne, dama da hagu su zama mataki guda.

Hannu ban canza ba, kwance shi kawai na yi na ɗan jawo shi baya. Masu sa dogon hannun nan da ke kai wa kafaɗa, su tambayi yatsunsu bayan tafiyar awa guda. Ga wayar kulochi da ta birki da ke ɗamewa in an karya kwana.

Yanzu mu zo ɓangarena. Kusan duk wanda ya gyara mashin yanzu sai ya sa masa wurin cajin waya, kuma ina goyon baya, ganin yadda wutar gari take. Amma wayoyin da wannan cajar ta kashe suna zuwa teburina, kuma labarin kusan ɗaya ne: ta daina caji, ko tana zafi, ko in an jona ta sikirin ya riƙa danna kansa kamar aljani na wasa da shi. Ka fahimci abin da ke faruwa. Batirin mashin bolt 12 ne, waya kuma bolt 5 take so. Tsakaninsu akwai ɗan akwatin da ke rage wutar. In na kirki ne, komai yadda ka murza totur abin da zai fito 5 ne. In na arha ne, wutar tana fitowa da hawa da sauka, kuma mai shan wahalar shi ne ɗan guntun da ke kula da caji a kan fanel, wanda mu masu gyara ke kira aisi. Canza shi aikin iska mai zafi ne, ba kowace waya ke tashi daga shi ba.

Saboda haka kafin ka sa caja, auna mashin ɗin kansa. Ari mita a wurin mai gyaran waya na unguwarku, a sa ta kan DC, a ɗora a kan batir. A kashe ya kamata ka ga 12.4 zuwa 12.7. A tayar, a ɗan ba shi wuta, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsallake 15 yana ci gaba da hawa, rektifaya ta tafi, kuma kowace caja ka sa a kai hadaya ce. In bai motsa daga 12 ba, ba ya caji ke nan, cajar za ta tsotse batirin ka koma bugun kik. Bayan an haɗa cajar a sake aunawa a bakinta, a ga ko ta tsaya kusa da 5 ana murza totur.

Wurin jonawa ma magana ce. Kada ka yarda a ɗauko daga wayar fitilar gaba, domin a mashina da yawa wutar fitila kai tsaye take zuwa daga kwail, tana ƙaruwa tana raguwa da gudun inji. Kada kuma a ɗaure a kan batir kai tsaye ba makunni, domin cajar tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko ba waya a jiki, musamman mai nuna lamba da shuɗiyar fitila. Batiran nan ƙanana ne, ka ajiye shi kwanaki ka tarar sitata ta yi shiru. A nemo wayar da ba ta samun wuta sai an murza makulli, irin wadda ke ba oda wuta, a ɗauka daga nan. A sa fiyus na amfiya 3 zuwa 5 kusa da inda aka ɗauko. A yi soda, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ba murɗa waya da salatif ba. Wayar nan ƙarƙashin tankin fetur take bi. Ka tsaya a kan mai haɗawar har ya gama.

Akwai kuma maƙalin waya da ake ɗaurawa a hannun mashin. Ni ban sa ba. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da sanarwa cewa girgizar injin mashin na iya lalata kyamarar iPhone, domin madubin cikinta ba a kafe yake ba, yana lilo ne don hana hoto rawa. Manyan wayoyin Android ma da yawa haka nasu yake. Alamar ita ce ka buɗe kyamara hoto ya riƙa kaɗawa, wani lokaci har da ɗan ƙara. Ƙara da rana: waya na caji, tana kallon sama, ga zafin Zamfara. Batir ya kumbura ya ɗago murfi. Tawa a aljihun gaba take tafiya, in za a yi caji kuma a cikin jakar tanki, da tsumma a ƙarƙashinta.

Abin da na ƙi taɓawa shi ne salansa. A ƙasashen da aka ƙirƙiro kuruza, ƙarar ita ce abin alfahari, har canza salansa suke don ta yi rugugi. Kai da ni mun san abin da rugugin mashin yake nufi a garuruwanmu. Mace na daka ta ji shi daga nesa, sai ta saki taɓarya ta fara neman yaranta. Bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, ba na jin akwai kwalliyar da ta kai in sa gaban wani ya faɗi. Haka fitilun nan masu walƙiya ja da shuɗi, da jiniya. A shingen jami'an tsaro ko na askarawa, duk abin da zai sa a yi maka kallo na biyu asara ce. Takardun mashin da rasit ɗin saye suna cikin leda a ƙarƙashin kujerata, hotonsu kuma na cikin waya. In na doshi shinge nakan rage gudu tun daga nesa, in ɗaga gilashin hular kwano, in sauke takunkumin ƙura a ga fuskata. Hular kwanon ma, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa tun 1 ga Janairun 2009, har yau in ka sa ta a nan sai a ce ka cika iyayi. Ina sa abata. Tana tare iska da ƙwari, kunne ba ya yin dum bayan doguwar tafiya.

Mai mashin a yankin nan dole ya riƙa sauraron rediyo, domin doka na iya canzawa da dare ɗaya. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar mashin da dare da sayar da mai a jarka. Mu masu gyaran waya mun ga ta kanmu a lokacin, wa zai gyara wayar da ba sabis? A Oktoban 2022 aka rufe Anka da Bukkuyum da Gummi gaba ɗaya na wani lokaci. A Yulin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu a dokar hana mashin yawo daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Shi ya sa ban kashe kuɗi a kan manyan fitilun dare ba. Ƙwan fitila mai kyau guda ɗaya, a daidaita shi kada ya kashe wa na gaba ido, ya isa. Ni dai la'asar sakaliya ta same ni a gida, kuma kafin in kama hanya sai na kira wanda ya biyo ta da safe.

Batun mai, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kowa ya koyi lissafi. Nawa ya ɗan fi ƙaramin Boxer sha, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke rage ɓarnar ba wani sirri ba ne: wanke soson iyakilina akai-akai da hunturu, lokacin da ƙura ke toshe shi cikin mako biyu, yin juyen baƙin mai a kan lokaci, da barin sarƙa da ɗan sassauci kamar faɗin yatsu biyu, ba a ɗaure ta tamau ba. Masu matse kafireto har inji ya riƙa tari don a rage shan mai, abin da suka tara na fetur wurin bakanike yake ƙarewa.

In kuɗinka kaɗan ne, fara da ma'aunin iska, sai kujera, sai hular kwano, caja ta zo daga ƙarshe bayan an auna rektifaya. Wanda ya riga ya sa caja kuma, gobe da safe ya cire wayarsa daga jiki, ya nemi mita ya ga lambar da take bayarwa kafin ya sake jonawa.