Ziyarar Garin Magina Tangaran A Ƙasar Folan

Wani tsohon kwano ne ya kai ni garin Boleslawiec. Na saye shi a kasuwar tsofaffin kaya a birnin Wroclaw, mai shi kuwa ya yi ta rantsuwa cewa tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu aka gina shi. Na biya da tsada, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na ce bari in je inda aka yi shi in tambaya, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Garin yana kudu maso yammacin ƙasar Folan, a bakin kogin Bobr, kimanin mil 75 yamma da Wroclaw, ba nisa da iyakar Jamus. Mutanensa ba su wuce 40,000 ba. Akwai hasumiyar tunawa da Kutuzov, sarkin yaƙin Rasha wanda ya rasu a nan cikin 1813, amma ban daɗe a wurinta ba. Baƙo ba ya bukatar a gaya masa sana'ar garin, domin ko'ina ya duba sai faranti da butar shayi da kofi, farare masu zanen shuɗi kamar an tsoma su a baba.

Arzikin garin a ƙarƙashin ƙasa yake, wato yumɓu mai jure wuta. Tun 1511 aka ambaci ƙungiyar magina a takardun garin. A zamanin nan tulunansu masu ruwan ƙasa-ƙasa ne, wasu da murfin kuza. A cikin 1753 wani magini, Johann Gottlieb Joppe, ya gina tukunyar da tsayinta ya haura ƙafa 6, ta zama abin alfaharin gari har aka farfasa ta a 1945. Daga baya wani kuma, Altmann, ya koma ga farin yumɓu, ya daina sa darma a ruwan ƙyallin da ake shafa wa kwanuka, abin da ya sa mutum zai ci abinci a ciki hankali kwance. A 1897 aka buɗe makarantar koyon sana'ar a garin.

Na shiga wata ma'aikata, aka kai ni ɗakin masu zane, galibinsu mata. Ban ji hayaniya ba. Kowace tana zaune da kwano a kan wani faifai mai juyawa, wanda an riga an gasa shi sau ɗaya, ga 'yan guntayen soso an yanka su kamar hatimi: wani da'ira, wani ɗigo, wani ganye. Sai ta tsoma soson a launi, ta dangwala, ta juya faifan kaɗan, ta sake dangwalawa, har ta zagayo. Abin mamaki, hatimin ƙarshe sai ya faɗa daidai kusa da na farko, ba awo, ba alama, ido ne kawai da sabo. Kuma kwanon yana shanye launin nan take, saboda haka in hannu ya goce, shi ke nan. Bayan zane sai a tsoma shi cikin ruwan ƙyalli, a mai da shi tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. A can shuɗin yake fitowa sosai, kuma tunda yana ƙarƙashin ƙyalli, wanki ba ya cin sa. Zanen da ya fi suna shi ne wanda suke kira idon ɗawisu. Ni dai a ganina tsofaffin zane masu ɗigo da da'ira sun fi na yanzu masu tarin furanni kwarjini, ko da yake masu saye daga Amurka ba za su yarda da ni ba.

To, a nan na kwance ƙunshina, na miƙa wa wata dattijuwa ta bakin tafinta. Na ce, "Ranki ya daɗe, shekarun wannan nawa?" Ko zanen ba ta duba ba, sai ta kife shi ta dubi gindinsa, ta yi murmushi. Ta ce, "Malam, an ci kuɗinka. Na kafin yaƙi da Jamusanci ake masa tambari. Wannan namu ne, aikin su uwata."

Sai a lokacin na fahimci abin da ke cikin maganarta. Kafin 1945 garin nan na Jamus ne, sunansa Bunzlau, maginansa ma Jamusawa. Da yaƙi ya ƙare aka ja iyaka, aka ba Folan yankin, aka kwashe kusan dukkan Jamusawan, suka tafi da sanin da ke kansu. Waɗanda aka zuba a gidajensu Folawa ne da su ma aka raba da garuruwansu na gabas, wasu kuma daga Bosniya, yawancinsu manoma. Sun tarar da yumɓu da tanderu, babu malami. A 1946 wani shehun malami daga Krakow, Tadeusz Szafran, ya sake hura wutar, a 1950 kuma aka kafa ƙungiyar gama kai ta Ceramika Artystyczna, wadda har yau tana aiki. Baƙi suka ɗauki sana'ar mutanen da ba su da dalilin ƙaunarsu, suka riƙe ta, har yanzu jikokinsu ke yi mata biki kowane watan Agusta.

Dattijuwar ta riƙe kwanon ta daɗe tana shafa bakinsa da babban yatsa. Ta nuna mini wani ɗigo da ya ɗan karkace, ta ce mai zanen sabuwar hannu ce. Sa'an nan ta naɗe shi da takarda ninki biyu, ta ce kada in sa shi a ƙasan jaka.