Kwamfutar da ta ƙi tashi, kada a yi saurin goge ta

Galibinmu yanzu rubutunmu a cikin na'ura yake kwana, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin yi ranar da aka kunna ta, ta tsaya a baƙin allo. Ana zuwa wajen mai gyara, abin da aka fi ji shi ne "sai an yi fomatin". Da wannan kalmar littattafai da yawa suka salwanta, alhali suna nan lafiya a cikin faifan ajiya.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Sai bayan watanni layi ya dawo mana. A tsakanin nan ne aka sa babbar manhajar Ubuntu a tsohuwar sabar ƙungiyarmu, wato kwamfutar da muke tara rubutun mambobi a cikinta. Akwai gajerun labarai, akwai kuma bayanan da muka ɗauka daga bakin mutanen ƙauyuka da suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari. An gama sawa lafiya, aka kashe janareto. Washegari da aka kunna, sai ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Babu intanet balle mu bincika, babu layin da za mu kira wani masani a Katsina.

Wani ya ba da shawarar a goge komai a sake daga farko. Muka ce a'a, bari mu bi ta daki-daki. Da farko muka tayar da ita da filashin da aka sa manhajar da shi, domin Ubuntu tana iya aiki daga kan filashi ba tare da ta taɓa faifai ba. Muka buɗe, sai ga fayilolinmu cif. Nan take muka kwashe su zuwa wani faifan, kafin a taɓa komai.

Daga nan muka shiga saitin da ke bayyana kafin manhaja ta tashi. Kwamfuta tana da hanyoyi biyu na neman manhajarta. Akwai tsohuwar hanyar BIOS, wadda ke duba farkon faifai mai tsarin MBR, akwai kuma sabuwar hanyar UEFI, wadda aka saba haɗa ta da tsarin GPT. Idan an sa manhaja ta hanya ɗaya, na'ura kuma tana nema ta ɗayar, ba za su haɗu ba. Namu an sa shi ta UEFI, amma saitin ya koma tsohuwar hanya.

Me ya mayar da shi? Agogon na'urar ne ya tona asiri, domin ya koma shekarun baya. A jikin allon cikinta akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo da saiti idan babu wuta. Ya mutu, shi ya sa da an kashe janareto take manta abin da aka gaya mata. Muka sa sabon batir, muka mayar da saitin UEFI, ta tashi.

Muna kawo wannan ne saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa sai da UEFI take tafiya. Da yawanku masu kwamfutocin gwanjo za ku sauya manhaja, wasu kuma za su ga baƙin allon nan. Kafin a sa muku komai, ku kwashe rubutunku zuwa wuri biyu, ɗaya ya kasance wanda ba ya buƙatar intanet. In ta ƙi tashi, ku karanta abin da ta rubuta, ku cire filashi, ku duba agogo da saiti. Wanda ya ce muku fomatin, ku ce ya fara nuna muku fayilolinku tukuna.

Allah Ya tsare mana alƙalumanmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya.