Lambobi Biyu a Takardar Likita

Cikin kalmomin da likita kan faɗa wa dattijo, babu mai kashe jiki kamar "sankara". Da an ambace ta sai iyali su shiga raɗa, mai dukiya ya fara tunanin wasiyya. Amma game da sankarar furostat, wato ƙullutun nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da hanyar fitsari, jin sunan ciwon bai isa a yanke ƙauna ba. Akwai mai tafiyar hawainiya, mutum ya tsufa da ita har wani sanadi dabam ya ɗauke shi. Akwai kuma mai gaggawa, wadda kan tsallaka cikin ƙashin baya da na ƙugu. Rarrabe su shi ne aikin da masu bincike suka daɗe a kansa.

Wanda ya share hanya shi ne Donald Gleason, likitan awon nama a Amurka, a 1966. Ya duba tsokar da aka ɗebo ƙarƙashin madubin awo, ya kasa siffarta mataki 5. In ƙwayoyin suna jere kamar kunyoyin gona, matakin ƙasa ne. In sun watse kamar kasuwa ta tashi, matakin sama ne. Ana haɗa lambar siffar da ta fi yawa da ta mai bi mata, shi ya sa takarda kan zo da 3+3, ko 3+4, ko 4+5. Ɗan kasuwa zai ce 3+4 da 4+3 duk 7 ne. A kanti haka ne, amma a asibiti na biyun ya fi haɗari, domin mummunar siffar ce ta rinjaya. Kuma 6, da ake gani kamar ta wuce rabin 10, ita ce mafi sauƙi da ake rubutawa yanzu. Don kawar da wannan ruɗani ne aka sake jera matakan daga 1 zuwa 5 a 2014.

Mu da muka yi lakol, mu ne masu karanta wa dangi takardun Faransanci. Sau biyu aka kawo mini irin wannan daga Bengu. Ta farko ta wani kawuna ce, malamin makaranta mai ritaya, 3+3. Kafin ya fahimci lambar har ya sa garkarsa ta rake a kasuwa, don a yi masa aiki a ƙasar waje. Likitansa ya ce a riƙa awo lokaci-lokaci kawai, garka kuwa tana nan hannunsa. Ta biyu ta wani manomi ce, 4+5. Shekara guda yana shan sassaƙe da sunan ciwon sanyi, bai yarda aka kai shi Gaya ba sai ranar da fitsari ya tsaya cak. Kunya ce ta riƙe shi, irin kunyar da mu maza muke kira mutunci.

Shawarar da aka ba kawu tana da tushe. A Birtaniya, binciken ProtecT ya bi maza 1,643 da aka gano ciwonsu tun bai bazu ba: wasu aka yi musu tiyata, wasu gashin na'ura, wasu aka zuba musu ido. Sakamakon 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, ƙasa da 3 cikin 100 ne ciwon ya kashe, kuma rukunonin uku kusan kai ɗaya suke. Tiyata kuwa kan bar mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, abin da ba a faɗa a zaure.

Sai dai a lura: awon jini na PSA ne ya tono mutanen nan tun suna jin kansu garau. Shi PSA hayaƙi yake nunawa, ba ya faɗin girman wutar, don kumburin tsufa ma kan ɗaga shi. Saboda haka aka ƙaro hoton IRM kafin a ɗebi tsoka, da awon ƙwayoyin gado irin su Decipher da Prolaris. Waɗannan na ƙarshe tsadarsu ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci, kuma galibi da jikin Turawa aka auna su, alhali a Amurka ciwon na kashe baƙar fata kusan ninki biyu. Sai a 2024 ƙungiyar bincike ta MADCaP ta fito da nazarin gadon maza fiye da 7,000 daga Senegal, Gana, Najeriya, Afirka ta Kudu da Uganda. Nijar ba ta ciki.

Abin da ke hannunmu dai shi ne tsohuwar dabarar Gleason, wadda ba ta bukatar komi sai allura, madubi da ƙwararren ido. Yamai ta samu na'urar gashin sankara a 2021, kuma can ake awon nama. Daga Gaya, ta Doso, tafiyar kilomita wajen 300 ce, ga kuɗin mota, ga masauki, ga jiran sakamako. Wanda ya ɗauki wannan ɗawainiya, ko ya biya wa mahaifinsa ita, hakkinsa ne kada ya fito ofishin likita sai ya ji lambobin nan biyu, ya kuma ji ko ciwon ya taɓa ƙashi.