Motar da ke Tsaye a kan Iska

Mu ɗaliban Hausa mun san raƙumi ke durƙusawa, ko yaro in ya zo gaida babba. To a garejojin Suleja, garin da na tashi, mota ma tana durƙusawa. Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne, kuma mafi yawan Hausar da na zo da ita jami'a a bakin makanikai na tsince ta, domin a gareji Hausa ce ke haɗa mu da Bayarabe da Banufe da Igbo. Zancen wannan durƙuso nake son mu yi, don kuwa ya shafi tukunyar gidanmu.

Galibin motocin da muka saba gani, irin su Golf da Corolla, gangar jikinsu tana zaune ne a kan sifirin na ƙarfe. Wasu manyan motoci kuwa jakar roba mai kauri, cike da iska, ke ɗauke da nauyin kowace ƙafa. Makanikai suna kiranta balan-balan. Kwampresa mai aiki da lantarki ke hura ta ta cikin siraran tiyo, sannan akwai wata 'yar na'ura kusa da kowace taya da ke auna nisan mota daga ƙasa, ta sanar da kwamfutar motar ko a ƙara iska ko a rage. Dabarar ta daɗe. Tun a 1957 kamfanin Cadillac na Amurka ya sa ta a wata motarsa, a 1998 kuma Mercedes ya fito da tsarinsa mai suna Airmatic. Sai dai mu nan irin waɗannan motoci ba sa iso mana sai sun ci zamaninsu a Turai, mu saye su a matsayin 'yan Beljiyam.

Kawuna yana da irinta, ƙirar 2001. Da ita yake ɗaukar amare a Suleja da Madalla da Zuba, kuma daga kuɗin hayar ake biyan makarantar 'ya'yansa, har da wani ɓangare na tawa. Roba ba ta da juriyar ƙarfe. Ƙurar hunturu tana shiga lanƙwasar balan-balan tana gurzarta, zafin bazara ya busar da ita, sai ta soma tsattsagewa. Bara muka fara wayar gari mu tarar gaban motar ta hagu ya durƙusa, amma da an tayar da inji sai ya miƙe kamar ba abin da ya faru.

Wannan miƙewar ce ke ruɗin masu mota. An ƙera kwampresa ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Idan akwai ɓula, sai ya yi ta hurawa ba hutu, ya ɗau zafi har ya ƙone. Nan ƙaramin gyara ya zama babba. Da damina kuma akwai matsalar danshi. A jikin kwampresa akwai ƙananan ƙwayoyi masu tsotse ruwan da ke cikin iska, kuma idan suka ƙoshi, ruwan ya wuce zuwa bawul ya lalata shi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne gano cutar bai buƙaci kayan tsada ba. Bakaniken da ke duba motar ya ce in auna daga ƙasa zuwa bakin fenda a ƙafafu huɗu da yamma, in sake aunawa da safe. Gefen da ya ragu shi ne mai yoyo. Daga nan ya kaɗa ruwan omo ya fesa a jikin balan-balan da mahaɗar tiyo, inda kumfa ta taso, nan iska ke fita. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta da ƙarfe, domin iskar na iya zurarewa lokaci guda motar ta danne mutum.

Bayan an gano ɓular sai aka shiga muhawara. Bakanike ya ce, "Yallaɓai, a cire wannan wahalar a sa mata sifirin, ka huta." Kawu ya ce, "Malam, laushin nan dangin ango ke biya. In na cire shi, me ya raba ta da tasi?" Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sifirin ya fi araha kuma ba ya yoyo, amma motar za ta rasa laushinta, ba kuma za ta iya ɗaga kanta a kan rami ko kwalbati ba. Balan-balan na hannu ana samunsa a kasuwar kayan mota ta Zuba, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, sai dai sau da yawa tsufansa ɗaya da wanda za a cire. Sabo kuwa da dala ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi sama.

Kawu ya fasa fentin da ya yi niyya, ya sayi sababbi guda biyu aka sa a gaba, saboda idan ɗaya ya tsufa ɗan uwansa ma yana hanya. Kwampresa ya tsira, domin an yi gyaran kafin ya jigata.

A ganina wanda ba shi da halin kula da irin wannan mota, ya sa sifirin, ba abin kunya ba ne. Asarar tana ga wanda ya ƙi gyara kuma ya ƙi sauyawa, yana jiran kwampresa ya riƙa rufa masa asiri kullum safe. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce tef ɗin awo da bokitin ruwan omo ba. Duk Asabar, idan ina gida hutu, ni ke wanke lakar da ta maƙale a jikin robar, in auna ƙafafu huɗun, in rubuta a ƙaramin littafin da Kawu ya ajiye a aljihun motar.